Yen Dubu Goma Ran Ashirin da Biyar ga Wata

Toyama, 8 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Fumiyo,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Shigeo da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina hawa tsani don tsinkar lemo kamar yadda likita ya hana ki, ko da yake na san ki, ban sa rai sosai ba. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hotunan Baba da Inna nakan ambaci sunanki, in roƙa muku lafiya da tsawon rai da kwanciyar hankali. A nan an gama dashen shinkafa, gonaki sun cika da ruwa har mutum na ganin tsaunuka a kife a cikinsu, ƙanƙarar da ke samansu kuma ta fara ja da baya. Ku kuwa a Brazil yanzu ne sanyinku ke shigowa, sai ki kula da kanki.

'Yarmu Hinako tana lafiya a Nagoya. An ƙara mata matsayi a wurin aiki, ta koma wani ɗaki da ya fi na da kusa da tasha, ta ce yanzu tana samun barcin rabin awa ƙari, kuma shi ta fi yi wa murna a kan ƙarin albashin. Na je gidan kula da tsofaffi na gai da Goggo Matsue makon jiya. Ta cika casa'in da ɗaya, tana cin abinci sosai, ta gane ni da kyau, sai dai ta tambaye ni ko kin dawo daga makaranta. Na ce mata kina hanya. Gidanmu na da, wanda aka sayar, sababbin masu shi sun rushe katangar baya sun yi wurin ajiye mota, amma sun bar bishiyar da Baba ya dasa.

Yanzu sai dalilin wasiƙar. Da kika kira a ƙarshen watan jiya kin ce muryar matata Kiyomi ba ta yi miki daidai ba. Ta ce miki mura ce, ni kuma na goyi bayanta. Ba mura ba ce, Yaya, ki yafe mana. Shekara talatin da uku ina aikin tace labarai a jarida, kuma abin da muke fara koya wa sabon ma'aikaci shi ne ya sa babban labari a layin farko. Yau zan saɓa wa ƙa'idar, domin idan na ba ki ƙarshen kafin farkon ba za ki fahimci abin da matata ta yi ba. Ki dai kwantar da hankalinki: a teburin cin abincinmu nake rubutun nan, ba a gadon asibiti ba, kuma ɗazu na tashi da kwano biyu na shinkafa.

Kin san mun makara wajen sayen gida. Ina da shekara arba'in da huɗu muka ci bashin yen miliyan ashirin da takwas, a biya cikin shekara talatin da biyar. Ranar da muka sa hannu, ma'aikacin bankin ya miƙo mana jadawalin biya. Kiyomi ba ta ko kalli shafin farko ba, ta buɗe na ƙarshe, ta ɗora yatsa a kan layin ƙasa ta tambaye shi shekara nawa zan kai a ranar. Ya ce saba'in da tara. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, mutumin da hawa bene biyu ke sa shi haki? Tun daga watan farko ta kafa al'ada. Kamar a kowane gida a ƙasar nan, albashi hannunta yake zuwa, ita ke yanka mini kuɗin kashewa. Sai ta zaftare dubu goma daga ciki. Duk ran ashirin da biyar ga wata, da zarar albashi ya shiga, za ta ɗauki waya ta tura wa banki dubu goman nan ƙari a kan abin da aka ɗora mana, a rage uwar kuɗin. Shekara goma sha uku ke nan ba ta tsallake wata ɗaya ba, har da shekarar da Hinako ta shiga jami'a muka koma shinkafa da daddawar waken soya safe da yamma. Ni dai na daina zuwa shan giya da abokan aiki ran Juma'a, na koma zuwa ofis da abincin rana a ɗaure, ban kuwa taɓa tambayarta ko abin yana da amfani ba.

Inshorar da ke zuwa tare da bashin gida kin san ta: idan wanda ya ci bashin ya mutu, kamfanin inshora ya biya abin da ya saura, iyali su ci gaba da zama a gidansu. Abin da ba na jin kin tarar kafin ki bar ƙasar shi ne wadda ake haɗawa da ciwon daji. Mu mun yarda aka ɗan ƙara mana kuɗin ruwa don a haɗa mana da ita. Abin da takardarmu ta ce, ranar da likita ya tabbatar ina da ciwon, bashin ya mutu ko da ni ina raye. To, a watan Afrilu gwajin lafiya na shekara-shekara da kamfani ke yi mana ya nuna alamar jini a bayan gida. Aka tura ni asibiti, ran sha shida ga Mayu aka leƙa hanjina da kyamara, aka sami wani tsiro kamar girman gyaɗa, aka yanke shi nan take aka aika ɗakin gwaji. Likitar, wata mace mai gajeren bayani, ta ce kamanninsa bai kwanta mata ba. Idan ya tsaya a fatar hanjin ta ciki, an gama. Idan kuwa ya nutsa cikin naman, sai an buɗe ni an yanke wani ɓangare, sannan a ga inda ya kai. Ta ce in dawo ran talatin ga wata.

Kin san halina, idan abu ya dame ni sai in nemi abin da zan lissafa. Na sauko da fayil ɗin gidan, na zauna da tambayar da na daɗe ina kauce mata: wannan dubu goman, me ya sayo mana? Abin da Kiyomi ta tura a shekarun nan ya kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar da sittin. Ruwan da banki ke ɗora mana bai wuce ɗaya cikin ɗari ba a mafi yawan lokacin. A shekara goman farko kuma gwamnati tana mayar mana da haraji daidai da ɗaya cikin ɗari na abin da ake bin mu a ƙarshen shekara, wato abin da ta hana banki na ruwa, kusan shi ta hana mu a hannun gwamnati. A waɗannan shekarun ribar ta tashi a tutar babu. Daga baya ne abin ya fara aiki, kuma in aka bi shi har ƙarshe, ruwan da abin da ta riga ta tura zai tsirar mana bai kai rabin miliyan ba. Kuɗi ne, amma ba irin wanda za a buga a shafin farko ba. Mamaki ya kama ni ne da na juya lissafin daga yen zuwa kwanaki. Kowane dubu goma yana gutsure kamar kwana huɗu zuwa biyar daga wutsiyar bashin. Ta riga ta ciro shekara biyu da wata biyu. In ta ci gaba, zan gama ina da saba'in da huɗu, ba saba'in da tara ba. Da yayyafi kogi kan cika, na yarda, amma ban taɓa ganinsa a rubuce da lambobi ba sai ranar.

Sai kuma ɗaya gefen takardar. Idan sakamakon ya fito da muni, inshora za ta share abin da ya saura, kimanin miliyan goma sha bakwai. Da Kiyomi ba ta taɓa ƙara ko yen ɗaya ba, da miliyan goma sha takwas da dubu ɗari bakwai za su share, kuɗinta kuma na nan a hannunta. Wato duk giyar da ban sha ba shekara goma sha uku, kamfanin inshora na yi wa kyautarta. Na kai wa Horita takardar, abokina na sashen labaran kasuwanci, wanda muka shiga jaridar tare. Muna cin taliya a shagon bayan ofis ya duba, ya ce ai wannan sananne ne, mai wayo ba ya gaggawar biyan bashin da ciwo zai iya biya masa. Ya ce an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ni kaɗai ya sani da nawa biyun suka haɗu wuri ɗaya. Da muka tashi ya riƙe mini ƙofa yana cewa, “Bi a hankali, Yasu, cikin nan naka ya fi albashinka na shekara uku tsada.” Na yi dariya. Amma a jirgin komawa gida na kama kaina ina kashe kuɗin. Babu sauran biyan dubu saba'in da tara duk wata, Kiyomi ta bar aikin masana'antar magani, a gyara rufin, ni kuma in ajiye aiki a sittin. Tasha biyu na yi ina jin jikina sakayau kafin in tuna da abin da zan bayar a karɓi wannan hutun. Ban ji kunya nan take ba, Yaya. Mamaki na ji, yadda takarda ɗaya da na sa wa hannu shekara goma sha uku da suka wuce ta sa wani ɓangare na zuciyata yake sauraron mugun labari da kunne biyu.

Ran ashirin da huɗu, bayan abincin rana, na shimfiɗa wa Kiyomi takardar a tebur. Abin da na nema kaɗan ne: ta riƙe dubu goman wannan watan kwana biyar kacal, sai mun ji sakamako. Na nuna mata cewa ruwan dubu goma na kwana biyar yen ɗaya ne da 'yan kai. Idan ta jira, abin da za ta iya rasawa yen ɗaya ne. Idan ta biya gobe, tana iya rasa dubu goman gaba ɗaya. Ta saurare ni har na gama, tana ɓare wake a kwano. Sannan ta ce, “To, Malam mai jan biro, an gama gyaran?” Na ce an gama. Ta ce in gaya mata, in ta riƙe kuɗin me take jira. Na ce sakamako. Ta ce wane irin sakamako ne zai mayar da riƙewar dabara? Amsar ɗaya ce, kuma dukanmu mun san ta. Ta ce, “So kake in shiga ɗakin likita da dubu goma a jaka, wanda ba zai zama riba ba sai an ce kana da ciwon. Ni ba zan ci riba a cikinka ba, Baban Hinako.” Na ce mata ai tsiron an riga an yanke shi, yana cikin kwalba a ɗakin gwaji, abin da yake shi yake, ko ta biya ko ba ta biya ba. Ta ce ta sani, ba jahila na aura ba, shekara ashirin tana shirya magani a kwali. Amma ita ce za ta zauna da kanta kwana biyar ɗin nan, ba tsiron ba. Ta kuma ce ita tun farko ba ruwa take gudu ba. Duk lokacin da ta wuce tsofaffin nan masu tsaron wurin ajiye motoci, da jar sanda a hannu cikin dusar ƙanƙara, fuskata take gani a ƙarƙashin hular. Ta ce in kwashe takarduna, za ta goge tebur.

Na ɗauka na sha kaye a kan dubu goma, na haƙura. Washegari da rana na buɗe shafin bankin a ofis, sai na ga bashin ya ragu da dubu ɗari shida da talatin. Na ƙirga sifirin sau uku, aikina ke nan. Da na koma gida na tambaye ta inda ta sami dubu ɗari shida da ashirin ɗin da ta ɗora a kai. A nan ne labarin ya shafe ki, Yaya. Ashe shekara shida ke nan tana da asusun ɓoye a bankin gidan waya, irin wanda Inna ke yi a ƙarƙashin tufafin sanyi, tana tara mana kuɗin jirgi don mu zo bikin cikarki shekara saba'in a watan Janairu. Niyyarta ta gaya mini a kaka, bayan ta sayi tikitin. Shi ta kwashe kaf ta zuba a bashin. Ta ce da ta ɗauki wayar, dubu goma ya yi mata kamar raɗa, ita kuwa so take a ji ta. Na ce wa zai ji, banki? Ta ce in ci abincina kafin ya huce. Bayan kamar awa ɗaya kika kira. Muryar da kika ji ke nan.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, kuma har yau ina ganin ina da hujja. Kuɗin da ya shiga bangon gida ba ya fitowa ranar buƙata, banki ba ya mayarwa. Da an ce sai tiyata, da wata nawa zan yi ba na aiki, da ga kuɗin asibiti da na mota, ita kuwa ta ɗauki abin da ya fi kusa da hannunmu ta jefa inda in labari ya yi muni kamfanin inshora kaɗai zai amfana. A duk kuskuren da mai bashin gida zai iya yi a ƙasar nan, ban san wanda ya kai wannan ba, kuma ta yi shi ne ido buɗe, bayan na zana mata shi a takarda. Kwana biyar muka yi muna gaisawa kamar maƙwabta. Tana ɗaura mini abincin rana, ina wanke kwanuka, babu mai ambaton banki ko asibiti. Abin da na lura kawai, ita tana barci, ni ba na yi.

Ran talatin muka je tare. Likitar ta zana mana hanji a takarda, ta nuna fatar ciki da naman da ke bayanta. Ta ce ciwon daji ne, amma a farkon farkonsa, bai wuce fatar ba, an cire shi duka kuma gefunan sun fita tsaf. Babu tiyata, babu magani, sai dai a sake leƙawa bayan shekara. Ni kuma, da yake hali zanen dutse ne, na ciro takardar inshorar daga jaka na nuna mata wani sakin layi mai ƙananan haruffa, inda aka ce wanda ya tsaya a fatar sama ba ya cikin abin da ake biya. Ta karanta ta ce haka ne, nawa irin wannan ne, ba ta jin za su karɓa. Har ta ba ni haƙuri, ta ce mutane da yawa ransu kan ɓaci idan an zo nan. Sai Kiyomi ta tambayi likitar, wato ba za su biya ba? Likitar ta ce da wuya. Ta ce ko yen ɗaya? Likitar ta ce ko yen ɗaya. Kiyomi ta ce, “Wato har yanzu ana bin mu.” Likitar ta dube ni. Kiyomi ta sunkuya ta yi godiya har goshinta ya kusa taɓa teburin. Sannan ta rufe fuska da hankici, kafaɗunta suna rawa, har yau ban san ko dariya take yi ko kuka ba. Shekara talatin muna tare, ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki da bashi haka ba. Da muka fito na ce mu shiga gidan abinci mai kyau mu ci gasasshen kifi. Ta ce mu masu bashi ne, taliyar tasha ta ishe mu, kuma in yi sauri, rabin rana kawai na ɗauka a ofis.

Idan kika tambaye ni yanzu ko ƙarin dubu goma duk wata yana da amfani, zan ce labarin bai kammala ba, kuma da wani ne ya kawo mini shi da na mayar masa ya ƙara bincike. A ruwa, ribar kaɗan ce. A kwanaki, tana da yawa, in har mutum zai kai kwanakin. Ba wanda zai san ko ya yi wayo ko ya yi wauta sai ranar da abin ya riga ya wuce, kuma na gane cewa wanda yake biya da wanda yake riƙewa kowannensu ya zaɓi labarin da zai iya kwana da shi. Horita ya ce Kiyomi ta yi caca ta ci. Na ce masa ba ta ci komai ba, wata takwas kawai ta sake gutsurewa daga bashin da har yanzu yake da sauran shekara goma sha shida da wani abu. Ya ce to ni me na ci da lissafina?

Abin da ya rage shi ne maganar zuwanmu. Janairun nan ba zai yiwu ba, kuma wannan ne ke hana Kiyomi kiranki. Ta ce ta ɗauki bikinki ta zuba a bango, ba ta san da wace fuska za ta gaishe ki ba. Mun zauna mun yi yarjejeniya, karo na farko da na sami abin da na nema a gidan nan: dubu goman zai ci gaba, amma kuɗin garaɓasar da kamfani ke ba mu na bazara da na hunturu ba zai je banki ba, na jirgi ne, kuma ni zan riƙe littafin. In lafiya ta ci gaba, za mu zo bikin saba'in da ɗaya. Na san ba shi ake yi wa taro ba, amma sai ki sa a yi. Roƙona gare ki shi ne ki kira ta ke da kanki, da safiyar Lahadi tana gida. Ba sai kin ce komai a kan kuɗin ba, ki tambaye ta yadda murar take, za ta gane.

Ki gai da Yaya Shigeo da kyau, ki ce masa shi ma ya je a leƙa shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki gai da Marselo da matarsa Lusiya, da Emiko da mijinta, ki shafa mini kan 'yan jikoki, musamman ƙaramar da ban taɓa gani ba sai a hoto. Hinako tana gaishe ki, ita ma sai jiya muka gaya mata, kuma ta yi mana faɗan da na san kina shirin yi. Kiyomi tana gaisuwa daga kicin, ta ce kada in rubuta da yawa, na kuwa rubuta. Ki huta lafiya.

Ƙaninki, wanda banki ke bi yen miliyan goma sha shida da 'yan kai,
Yasuharu